Sunan da na faɗa sau ɗaya a Wustul Balad

Ku gyara zama in ba ku labari, sai dai babu kura babu zomo a cikinsa, mutane ne mu uku, kuma dukanmu da sauran shan ruwanmu. Ni ban yi boko ba, alƙalami bai san hannuna ba. Ina faɗa ne jikata tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Abin da ya tono zancen shi ne kwanan baya an ɗauke ni a mota muka bi ta unguwar Mohandessin a Alƙahira, na ce a tsaya in ga gidan da na yi ƙuruciyata a samansa. Na tarar an rushe shi, an dasa wani dogo na gilashi, ana sayar da wayoyi a ƙasansa. Na ɗaga kai ina neman inda ɗakina yake a da, sai na ga iska kawai, ko tantabara ɗaya babu. Na ce to, tunda bango ya tafi, bari in faɗi abin da ya faru a cikinsa tun bakina bai bi shi ba.

Na zo Alƙahira ina yarinya ɗanya, da goyon ɗan fari. Maigidana ɗan kasuwa ne, Allah ya jiƙansa, yana sarar yadi da takalma a kasuwar Ataba ya kai gida, in ya tafi sai ya yi wata uku ko huɗu. Ya kama mana ɗaki a saman wani bene, can inda ake shanya, ni kuma ina yi wa iyalin wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu girki a hawa na biyu. A wancan zamani da kunne ake sanin lokaci. Da sassafe mai fulu, wato dafaffen wake, zai zo da kurarsa, matan gidan su zuro kwando da igiya ta taga, a zuba musu wake su janye. Can sai mai tukunyar gas ya biyo yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙwal ƙwal ƙwal, ka san hantsi ya yi. Mai sayen tsofaffin kaya ya wuce yana jan murya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da la'asar kuma masu tantabaru su hau rufi suna kaɗa tuta suna fito, tsuntsaye su yi ta kewaya sama har ladanai su fara kira, wannan ya ɗauka wancan ya karɓe. Yanzu ina zaune a ɗaki mai na'urar sanyi, tagogi a rufe, ba na jin komai sai wayoyin jikoki suna kuka. Abinci ma a waya ake kiransa, wani ya kawo a babur, ba ka san fuskarsa ba balle ka gaishe shi.

Kafin ku gane labarin sai kun san yadda aka rene mu. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai. Ranar da zan bar gida kakata ta riƙe kunnena ta ce, duk ƙasar da kika je, ko mutanenta da kai suke tafiya, kada in ji an ce bakinki ya saba da sunan yaron nan. Na ce to. Shi kuwa da ya fara magana, Yaya ya tashi yana ce mini, kamar yadda 'ya'yan fari suke yi a wurinmu. Ni kuma in zan kira shi sai in ce "kai", ko "wannan". Ba ƙi ba ne, ku da kuka tashi yanzu. Son ne ya yi yawa ake rufe shi, kamar yadda ake rufe tukunyar da ta fi daɗi. Amma Misirawa al'adarsu a juye take da tamu. Su mace da sunan ɗan farinta ake girmama ta, a ce uwar wane. Bawwab ɗin gidanmu, wato mai tsaron ƙofa, wani tsoho mai rawani daga kudancin ƙasar, ya yi ta kirana da haka ina wucewa kamar kurma, har ya gaji ya koma ce mini "ya sitti", wato uwargida, kawai.

Wari ne ya haɗa ni da wata 'yar Koriya. Wata rana bawwab ya hawo yana haki, ya ce mutanen gida sun yi ƙara, wani abu ya mutu a sama. Ni na san na shanya daddawa, na tsaya ina raba ido. Sai ƙofar ɗakin da ke kallon nawa ta buɗe, wata 'yar siririya mai tabarau ta fito tana sunkuyawa tana ba da haƙuri, ta ce laifinta ne. Ashe kabeji ta jiƙa da gishiri da barkono da tafarnuwa ta rufe a tulu har ya yi tsami, irin abincinsu. Na ce a'a, nawa ne. Ta ce a'a, nata ne. Tsoho ya sunsuna nawa, ya sunsuna nata, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wallahi ku biyun ne! Allah ya haɗa ku, ni ya raba ni da ku." Yana sauka muka dubi juna, dariya ta kama mu har na zauna a ƙasa. Ranar ta ci tuwo da miyar kuka, ni na ɗanɗana kabejinta, hawaye suka zubo mini, na ce wannan yarinya ta san yaji, za mu shirya.

Larabcinta na littafi ne, irin na masu karanta labarai a rediyo, nawa kuwa na kasuwa. In ta ce a ba ta tumatir sai mai tumatir ya gyara tsayuwa kamar an fara huɗuba. A haka muka riƙa fahimtar juna, rabi da baki rabi da hannu. Ta ji yaron yana ce mini Yaya sai ita ma ta ɗauka, ni kuma nake ce mata Lauya. Muna tsinke zogale ko muna yankan kabeji take ba ni labarinta. Uwarta tela ce a wata masana'antar ɗinki, ɗaki mai ƙaramin rufi da ba a iya miƙewa tsaye sosai, ƙurar yadi ta cinye mata ƙirji. Da ciwo ya kwantar da ita aka sallame ta, babu wanda ya tsaya mata, don ba su san ƙofar da ake bugawa ba. Shi ya sa ita Lauya ta karanta shari'a. Ta ce jarrabawar lauyoyi a ƙasarsu sai da ta kayar da ita sau biyu, tana ɗaure gashinta da igiya a jikin ƙusa don kada gyangyaɗi ya ɗauke ta. Da ta ci, maimakon ta shiga ofishin masu kuɗi, sai ta taho Masar ta koyi Larabci, tana taimakawa a wani ɗan ofishi da ke rubuta wa baƙi takardu. Na ce, "Ke Lauya, uwarki ta sha wahala ta kai ki inuwa, kin dawo rana?" Ta ce, "Yaya, ai mutanen suna ranar."

Yaron yana da shekara huɗu abin ya faru. Maigida ya tafi da kaya, iyalin da nake yi wa aiki sun tafi hutu gida, ga takardar zamanmu, iƙama, ta kusa ƙarewa. Na ce mene ne a ciki, na ɗauki fasfo na riƙe hannun yaro muka shiga bas zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar birni, inda ofishin da ake buga wa baƙi hatimi yake. Bayan dogon layi muka isa gaban wani jami'i mai kaurin gashin baki. A gida aka haifi yaron, ba shi da takardar haihuwa, sunansa kuma a fasfon ubansa yake, uban yana can. Jami'i ya dube shi ya ce, "Ɗanki ne?" Ga mutane cike da ɗaki, ga yaron yana kallon bakina. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya sunansa?" Na ce, "Wannan yaron?" Ya ce, "Akwai wani ne?" Na kau da kai. Sai yaron ya ja zanena ya ce, "Yaya, ƙishirwa." Jami'i ya ce me kalmar take nufi. Ni kuwa ba a koya mini ƙarya ba, na ce babbar 'yar'uwa. Ya ajiye alƙalami. Ya ce mace ba ta san sunan yaro ba, ba ta ce nata ne ba, yaro kuma yana ce mata 'yar'uwa. Ya riƙe fasfona, ya ce in dawo da yaron ranar Alhamis da hujja. In babu, za a ajiye yaron a gidan renon gwamnati har ubansa ya zo, ni kuma in yi wa 'yan sanda bayani. Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Ana satar yara a duniya, aikinsa yake yi.

Ban san yadda na hau benen nan ba. Lauya ta same ni zaune kusa da igiyar shanya, shinkafa tana ƙonewa a kan risho. Ba ta ce "me ya sa kika yi haka" ba. Ta sauke tukunya, ta ba yaron biskit ta tura shi wurin tantabaru, ta ɗauko ɗan littafinta ta zauna a ƙasa daidai da ni. Haka take aiki, daga baya na ji har ta tsufa ba ta canza ba: ba ta zama a kujera in mai ƙara yana ƙasa, kuma in ta yi tambaya sai ta jira, ko shirun zai kai tafasar ruwa. Ta ce in faɗa mata tun daga shigata. Da na zo wurin sunan ta ce, "Kin manta ne don tsoro?" Na ce uwa tana manta wannan? Ta ce, "To an hana ki ne?" Na ce babu wanda ya hana ni, kunya ce. Ta rubuta. Ta ce wa ya koya mini, na ce kakata. Ita kakar wa ya koya mata, maƙwabta ma haka suke yi, in yaro ya faɗa rijiya fa? Na ce sai in yi ihu a zo, sunan me zai yi a rijiya. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce su ma a ƙasarsu ɗa ba ya kama sunan ubansa gaba-gaɗi, kuma ita sai da ta shiga makaranta ta san sunan uwarta na yanka, don kowa uwar wane yake ce mata. Ta ce, "Ku kun ɓoye ɗan, mu mun ɓoye uwar. Jami'in nan bai san ko ɗaya ba. Aikina in sanar da shi."

Kwana uku ba ta zauna ba. Ta tono katin rigakafin yaron daga ƙasan akwatina, ta samo hoton ranar sunansa da na ɓoye a cikin zannuwa. Ta je masaukin ɗalibanmu masu karatun addini ta sa manyansu biyu suka rubuta cewa wannan al'ada gaskiya ce a ƙasar Hausa. Ta lallashi bawwab ya yarda zai bi mu, yana ta mita wai gwiwarsa. Amma ta gaya mini gaskiya, ta ce duk wannan taimako ne kawai, shari'a tana son uwa ta faɗa da bakinta. Sai muka shiga gwaji. Ta ce in faɗa wa tantabaru, na buɗe baki iska ta fito. Ta kawo tulun kabejinta da babu komai a ciki ta ce in sa kai in faɗa, babu mai ji. Na sa kai, wari ya buge ni, na fito ina tari, muka yi ta dariya har da riƙe ciki, ga hawaye ga dariya. Da muka natsu na ce, "Lauya, in yana wurin ba zan iya ba, ko za a yanka ni." Ta tsaya cak. Ta ce, "In yana wurin?" Ta rubuta wannan ma, ta ja layi a ƙarƙashinsa.

Ranar Alhamis muka tafi mu huɗu. Lauya ta sa wata baƙar riga mai kafaɗa, ta miƙa takardu da hannu biyu tana sunkuyawa, ta fara Larabcin rediyon nan nata. Jami'i ya karanta, ya dubi hoto, ya dubi yaro. Bawwab ya matso ya ce, "Ya basha, shekara uku ina kiran matar nan da sunan ɗanta ba ta taɓa waiwayowa ba, na ɗauka kurma ce. Amma ranar da ya yi zazzaɓi ita na gani ta sauko bene ba takalmi." Jami'i ya yi murmushi ya ce ya yarda da su duka, amma ma'alish, wato in yi haƙuri, sai ya ji daga bakina, haka dokar take. Lauya ta ce, "Gaskiya ne, ya ustaz. Dokar ta ce a gaban yaron?" Ya shafa gashin baki ya ce a'a. "Ta ce da ƙarfi?" Ya ce ba ta ce ba. "Ta ce sau nawa?" Ya yi dariya ya ce, "Ke daga wace ƙasa aka aiko mini ke? Sau ɗaya. Yalla." Ta kama hannun yaron ta ce za su je shan ruwan rake, suka fita, ta ja ƙofa. Tsoho ma ya juya baya ya toshe kunnuwansa da yatsu. Na dafa teburin nan. Na ce a raina, kaka ki yafe mini. Na ce, "Ɗana ne, ni na haife shi," sannan na faɗi sunan. Na ɗauka raɗa zan yi, sai ya fito da ƙarfinsa, cikakke, kamar ya gaji da zama a ciki. Ban taɓa sanin haka yake da daɗi a baki ba. Jami'i ya buga hatimi, tim, ya ce, "Khalas, an gama. Allah ya raya miki shi." Da na fito na same su a bakin titi, kowa da kofin ruwan rake, yaron yana ta kallona yana murmushi, na harare shi.

Bayan shekara Lauya ta koma ƙasarsu. Wasiƙu suka riƙa zuwa, da farko maigida yake karanta mini, daga baya yaron da kansa. Ta buɗe ɗan ofishi kusa da masana'antu. Masu zuwa wurinta su ne mata masu ɗinki irin uwarta, da waɗanda inji ya cinye wa yatsu, da masu shara da aka kora don sun nemi hutu, da baƙi masu aiki a gonaki da jiragen kamun kifi. Ta aiko hoto tana zaune a kan kwali a bakin ƙofar wani kamfani tare da ma'aikata, ƙanƙara ta rufe musu kafaɗu, littafin nan yana kan gwiwarta. Wata shari'ar ta ci, wata a kayar da ita. Ta yi aure, ta haifi 'ya mace, ta rubuto wai tana kiran sunanta sau ɗari a rana, rabi nata rabi nawa. Shekaru suka tura, sai ga wasiƙa ta ce ta gaji. Ta ce uwarta takan ce in an yanka riga a karkace, duk iya ɗinkinka a karkace za ta fito, ita kuma shekara da shekaru tana ɗinki, yanzu za ta je inda ake yankan. Ta shiga wata ƙaramar jam'iyya ta masu ra'ayin talakawa ta tsaya takarar majalisar dokoki. Ta faɗi. Na sa aka rubuta mata cewa jarrabawa ma sau biyu ta kayar da ke. Ta sake tsayawa, sai ga shi ta ci. Tun daga nan a waya ake nuna mini ita, gashi ya yi fari fat, tana tsaye a gaban manyan ƙasarsu tana magana a kan masu aikin gida da 'ya'yan baƙi da ba su da takarda. Ba na jin yaren, amma na san lokacin da ta yi tambaya, don sai ta tsaya ta jira, ministan yana ta juya takardu. Wasu dokokin da ta kawo sun wuce, wasu an danne su, ta ce za ta sake kawowa.

Da na dawo daga ganin gidan da aka rushe, na ce a kira mini ita. Fuskarta ta fito a waya, tana ofishinta. "Yaya! Kin tsufa!" Na ce, "Ke kuma kin zama yarinya ko? Ina haƙoranki na gaskiya?" Na gaya mata rufinmu ya tafi, muka yi jimami, muka yi wa bawwab addu'a kowa da irin tasa. Ɗan nawa yana gefe, da furfurarsa da jikokinsa, ya leƙo ya gaishe ta. Sai ta ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye miki, lauya kuma ba ta son ta mutu da ƙarya a bakinta. Ranar nan ba mu tafi shan rake nan da nan ba. Muna fita ya ƙanƙame ƙofa ya ƙi motsi, ya ce ba zai bar ki da mai gashin baki ba. Ni kuma ban ja shi ba."

Na juya na dubi mutumin nan. Ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Na ji, Yaya. Duka na ji. Har da 'ni na haife shi'."

Na ce, "Shekara nawa kana riƙe da wannan?"

Ya ce, "Ai sau ɗaya aka ba ni, dole in adana."

Na ja gyale na rufe fuska, jikoki suka fashe da shewa, 'yar majalisa tana can ƙarshen duniya tana dariya har tabarau ya zame mata. Suka taru a kaina wai in sake faɗa, ko sau ɗaya, yanzu zamani ya canza. Na ce zamani ya canza, kakata ba ta canza ba. Na leƙo ta ƙasan gyale na ce masa, "Kai, wannan, tashi ka zubo mini shayi." Ya tashi da sauri kamar ɗan shekara huɗu. Nan nawa ya tsaya, ke kuma ajiye alƙalamin, kada in ga kin rubuta sunan.